Rainin da ke zuwa da fara'a: yadda ake gane shi a wurin aiki, da yadda ake tunkararsa

"Kai, Turancinka ya yi kyau, sam ba ka yi kama da 'yan Arewa ba." Da wuya ɗan Arewa ya yi aiki a banki ko kamfanin sadarwa a Legas ko Fatakwal bai ji wannan magana ko 'yar uwarta ba. Mai faɗarta da murmushi yake faɗa, kuma a ransa yabo ya yi. Wanda aka faɗa wa ne ke shiga tsaka mai wuya. In ya yi godiya, ya yarda ke nan cewa danginsa da mutanen garinsu duk jahilai ne, shi kaɗai ya fita zakka. In ya ɓata rai, a ce an yabe shi yana fushi, ba ya son zaman lafiya. Yawanci sai ya yi 'yar dariyar yaƙe ya juya ga kwamfutarsa, maganar kuwa ta bi shi har gida.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarin irin wannan magana. Wanda ya fara raɗa mata suna shi ne Chester Pierce, wani likitan ƙwaƙwalwa baƙar fata a Jami'ar Harvard ta Amurka, a shekarar 1970. Ya kira su ƙananan hare-hare. Lokacin da ya yi hakan abin lura ne. Shekara shida ke nan da kafa dokar 1964 wadda ta haramta nuna wariyar launin fata a wuraren aiki da wuraren taruwar jama'a, an kuma sauke allunan da ke cewa wannan ƙofa ta farar fata ce kaɗai. Amma baƙaƙen fata suka ci gaba da komawa gida da ɓacin rai kullum, saboda wani kallo, wata 'yar magana, wani yin biris da su da ba a iya kai ƙararsa ko'ina. Bayan shekara uku, a 1973, wata masaniyar tattalin arziki, Mary Rowe, ta fara aikin sauraren koke-koke a jami'ar MIT. Ta je da zaton manyan ƙorafe-ƙorafe za ta riƙa gani, sai ta tarar da yawan abin da ke cin ran mata da tsirarun ma'aikata ƙanana ne: an manta da sunan mutum a jerin waɗanda za a gayyata taro, an gabatar da kowa da muƙaminsa ban da shi, an yaba wa wani kan shawarar da shi ya kawo.

Maganar ta fita daga ɗakunan jami'a ta shiga ofisoshi bayan 2007, lokacin da Derald Wing Sue, wani farfesa ɗan asalin Sin haifaffen Amurka da ke Jami'ar Columbia, ya wallafa wata maƙala tare da ɗalibansa. Ya kasa abin gida uku. Akwai wanda ake yi da gangan, kamar kiran mutum da sunan da aka san yana ƙona masa rai. Akwai cin fuskar da mai yin ta bai ma san ya yi ba, irin yabon Turancin nan. Sai na uku, wanda a ganina ya fi ciwo: a ƙaryata abin da mutum ya ji a jikinsa, a ce masa "kai dai ka cika saka abu a rai", ko "mu nan ba mu san wani bambanci ba, duk ɗaya muke".

Sue ya ba da labarin abin da ya same shi, kuma labarin ya fi rabe-raben bayyana matsalar. Ya shiga wani ƙaramin jirgi daga New York zuwa Boston tare da wata abokiyar aikinsa baƙar fata. Ma'aikaciyar jirgin ta ce su zauna inda suka ga dama, suka zauna a gaba. Can dab da tashi sai wasu Turawa uku sanye da kwat suka shigo suka zauna a gabansu. Da aka ga nauyi ya rinjaya gaba, sai ma'aikaciyar ta zo ta roƙi Sue da abokiyar tafiyarsa su koma baya, ta bar waɗanda suka shigo daga ƙarshe. Suka koma. Ya yi ta saƙe-saƙe, har ya kasa haƙuri ya tambaye ta ko ta lura da waɗanda ta zaɓa ta mayar baya. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta ce ita ba ta kallon launin fata, lafiyar jirgi kawai ta duba.

Wa ya yi gaskiya a cikinsu? Mai yiwuwa dukkansu. Kuma nan ne gizo ke saƙar. Wanda aka zaga a fili ya san matsayinsa, yana da shaidu, ya san wurin wanda zai kai ƙara. Wanda aka yi wa ƙaramin raini sai ya wuni yana shari'a da kansa: da nufi ta yi, ko ni ne na cika zargi? In na yi magana me za a ce? In na yi shiru, gobe ma haka za a yi? Abin kamar ƙaiƙayin gero ne a cikin riga. Ba ya fid da jini, ba ka iya ciro shi ka nuna wa kowa, amma zama ya gagara. Ƙarfin da ya kamata mutum ya zuba a aikinsa, a wannan shari'ar zucin yake ƙarewa.

Wasan taubashi da raini

Mu Hausawa muna da abin aunawa da Amurkawa ba su da shi, domin mun tashi cikin al'adar da ta tsara tsokana ta yi mata iyaka. Bafulatani da Babarbare su haɗu a ofis, kowa ya ce shi ne ubangidan wani. Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, ɗan mace da ɗan namiji, jika da kaka. Ana faɗar maganganun da in baƙo ya ji zai ɗauka za a ba hammata iska, amma a tashi ana dariya. A Nijar abin ya samu daraja har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa a 2014.

Abin da ya sa wasan taubashi ba ya ciwo shi ne kowa na da ikon ramawa, kowa kuma ya san dokar wasan kafin a fara. To wannan ne ma'aunin farko. Idan shugaban sashe ya dubi ƙaramin ma'aikaci ɗan ƙauye ya ce "ku mutanen karkara ai sai a hankali", jama'a suka bushe da dariya, sai a tambaya: yaron zai iya mayar masa da kwatankwacinta ya kwana lafiya? In ba zai iya ba saboda shugaban ne ke cika masa takardar auna ƙwazo ta shekara, shi ke sa hannu a takardar hutunsa, to wasan na gefe ɗaya ne, dariyar da yaron ya yi kuma ta dole ce. Akwai masu fakewa da taubasantakar da babu ita. Ba wata tsohuwar yarjejeniyar wasa tsakanin manaja da masinja, ko tsakanin mai gani da makaho.

Ma'auni na biyu: maganar kan abin da mutum ya yi take, ko kan abin da yake? "Rahoton nan naka bai yi ba, lissafin shafi na uku ya karkace" gyara ne, ko da an faɗe shi da kaushin murya, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. "Ai dama ku 'yan kota haka kuke" wani abu ne daban. An bar rahoton an kama asalin mutum, an gaya masa cewa tsarin raba daidai na tarayya ne ya kawo shi kujerar, ƙwaƙwalwarsa ba ta kai ba. Ma'aikacin da aka jefa wa wannan ba shi da hanyar wanke kansa, domin in ya yi ƙwazo za a ce ya fita daban da 'yan uwansa, in ya yi kuskure a ce ga shi nan dama an faɗa.

Na uku shi ne maimaici. Kowa na iya suɓutar baki. Amma idan mutum ɗaya ne kullum ake mantawa da shi a saƙon kiran taro, shi ne kullum ake katse wa magana, shi ne ake kiran sunansa a karkace bayan shekara biyu ana zama ɗaki ɗaya, to abin ya wuce mantuwa.

Yana da daɗi mu tsaya kan "aboki" da "malam" da ake jefa wa 'yan Arewa a Kudu, da tambayar nan ta "matanka nawa?" da ake yi wa mutum ran farko da ya kama aiki. Amma a ofisoshin Kano da Kaduna da Sakkwato mu ne masu rinjaye, kuma hannunmu ba a wanke yake ba. Ana cikin taro da Turanci, da an zo gaɓar da za a yanke shawara sai a juya harshe zuwa Hausa, a bar ɗan bautar ƙasa daga Inugu yana bin bakin mutane da ido. Abokin aiki Kirista daga Kudancin Kaduna ko Filato, wanda Hausa ce harshen da ya tashi da shi a kasuwa da makaranta, a ce masa "kai, ka iya Hausa kamar Bahaushe", ko a yi masa yabon da ya fi zagi nauyi: "wallahi halinka na kirki ne, kamar ba Kirista ba." Sunayen nan da muke kiran wasu ƙabilu da su, waɗanda kowa ya san masu su ba sa so, har yanzu suna yawo a bakin masu digiri. Budurwar da ta haura talatin ba ta da sakat da "yaushe za mu sha biki?" Bazawara kuwa duk ƙarin girman da ta samu sai an yi masa fassara a bayan idonta. Mai lalurar ƙafa ya gama gabatar da aiki mai kyau, a tafa masa a ce "ka ga, duk da halin da yake ciki", alhali da kai aka yi aikin.

Addini bai bar wannan fage ba, ga wanda ke son hujja daga can. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta hana jifan juna da miyagun laƙabi. Akwai kuma hadisin da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wata 'yar magana kan gajartar Nana Safiyya, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna mata cewa kalmar da ta faɗa da za a gauraya ta da ruwan teku da ta gurɓata shi. Kalma ɗaya ce, kuma a cikin gida aka yi ta.

Abin da yake ci wa mutum

Masu cewa "wannan ai ƙaramin abu ne" suna duban magana ɗaya ne, ba sa duban abin da take tarawa. A 1996 wasu masu bincike uku a Amurka, Martell da Lane da Emrich, sun gwada abin a kwamfuta. Suka ƙirƙiri kamfani mai matakai 8, maza da mata daidai wa daida a kowane mataki, sai suka ɗan karkata makin auna ƙwazo zuwa ga maza da abin da bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Bayan an yi ta zagayen ƙarin girma, mata suka koma kashi 35 cikin 100 kacal a matakin ƙoli. Ba wanda ya kori kowa, ba wanda ya zagi kowa. 'Yar karkatar da ba a gani a zagaye ɗaya ce ta yi ta hauhawa.

Ta ina karkatar ke shigowa a zahiri? Ɗaya daga cikin ƙofofinta ita ce ayyukan da dole a yi su amma ba sa kai mutum ko'ina: rubuta bayanan taro (wato minit), shirya walimar sallamar wanda ya yi ritaya, tattara kuɗin gudummawar biki. Linda Babcock ta Jami'ar Carnegie Mellon da abokan aikinta sun gano a 2017 cewa mata aka fi roƙa su yi irin waɗannan ayyuka, kuma in an roƙe su sukan amsa sau 76 cikin 100, maza kuwa sau 51. Mai riƙe biro tana rubuta abin da wasu ke faɗa ba ta da sararin kawo nata ra'ayin, ranar rabon muƙami kuma a ce ba a cika jin muryarta a taro ba.

Girman kujera ma ba ya kare mutum. A shekarar 2017 ɗin dai, Tonja Jacobi da Dylan Schweers na Jami'ar Northwestern sun bi rubutattun zaman Kotun Ƙolin Amurka suna ƙirga wa ya katse wa magana. Suka tarar alƙalai maza na katse takwarorinsu mata kusan ninki uku na yadda suke katse junansu. Waɗannan mata ne da suka kai ƙololuwar aikin shari'a a ƙasarsu. To ina ga akawu mai mataki na 8?

Sai dai a yi adalci, fannin yana da masu suka, kuma sukarsu ba ta banza ba ce. Scott Lilienfeld na Jami'ar Emory ya yi dogon rubutu a 2017 yana cewa an yi gaggawar kai maganar ofisoshi da makarantu kafin bincike ya nuna. Ya ce ma'anar ta yi faɗi har kusan kowace magana na iya shiga ciki, an kuma dogara kacokan kan yadda mai karɓa ya ji, alhali mutum biyu 'yan ƙabila ɗaya na iya jin magana ɗaya, wannan ya ji zafi wancan ya ji daɗi. Ya kuma yi ƙorafin cewa kiran abin hari yana ɗora wa mutum niyyar da sau da yawa ba shi da ita. Ina ganin ya yi gaskiya a nan, kuma duk wanda ya taɓa zama a ofishin da kowa ke taka-tsantsan da kowa har gaisuwa ta zama aiki ya san illar wuce gona da iri. Jerin haramtattun jimloli da ake liƙawa a bango ba ya gyara komai. "Daga ina kake?" tambaya ce da Bahaushe ke buɗe zumunci da ita, har a gano an haɗa kaka. Tana zama raini ne in an amsa maka "Jos" ka ce "a'a, ina nufin asalinku". Inda na rabu da masu sukar shi ne idan aka ɗauki wahalar auna abu aka mayar da ita hujjar cewa babu shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yadda ake tunkara

Shawarar da aka saba ba wanda abin ya shafa a wurinmu ɗaya ce: yi haƙuri. Wani lokaci ita ce daidai. Ba kowace magana ta cancanci amsa ba, kuma wanda ya zo wucewa, ba za ka sake ganinsa ba, bai kai ka ɓata yininka a kansa ba. Amma haƙurin da aka zaɓa daban yake da wanda aka ƙaƙaba. Idan mai maganar kullum kuna tare, abin kuma yana dawowa, shiru yana koya masa cewa hanya a buɗe take.

Makamin da ya fi sauƙin riƙewa shi ne tambaya. "Ban gane ba, me kake nufi?" A faɗe ta da sanyin murya, fuska a sake, sannan a yi shiru a jira. Amfaninta biyu. In mutumin ba da wata manufa ya yi ba, ya samu damar gyara zancensa ba tare da an kunyata shi ba. In kuwa akwai abu a ƙasa, to yanzu shi ne zai ciro shi da bakinsa a gaban mutane, kuma da yawa ba sa iyawa. "Ai ku ba ku cika son boko ba" tana da daɗin faɗa a guje, amma bayaninta dalla-dalla yana da nauyi a harshe.

Idan na sama da kai ne, lissafin ya canza, kuma duk shawarar da ta yi biris da wannan ba ta san ofisoshinmu ba. A ɗauki misalin wata injiniya mai mataki na 12 a wata ma'aikatar ayyuka. Ana zaman duba kwangilar gyaran hanya, mutum tara a teburi, ita kaɗai ce mace. Darakta na kiran kowa "Injiniya", ita kuwa "Hajiya". Kafin a buɗe taro da addu'a sai ya waiwayo ya ce, "Hajiya, taimaka ki duba mana maganar ruwa da lemo, sannan ki riƙe mana minit." Ga yaro sabon ɗauka mai mataki na 8 zaune a ƙarshen teburi yana latsa waya. In ta yi gardama a nan, ta kunyata babba a gaban na ƙasa da shi, kuma wannan laifin ne za a riƙa tunawa, a manta da abin da ya jawo shi. Sai ta yi abin da aka sa ta. Bayan la'asar, da ofis ya yi sauƙi, ta yi sallama ta shiga, suka gaisa, ta tambayi iyali.

"Ranka ya daɗe, wata 'yar alfarma na zo nema. Zaman nan na kwangila, ni na duba zanen magudanar ruwan, kuma akwai gyaran da nake so in kawo. To in ina rubutu ba na samun bakin magana. Ko za a riƙa zagayawa da minit ɗin, kowa ya taɓa?"

"Af, Hajiya, ai don na ga rubutunki ya fi tsabta ne."

"Na gode, ranka ya daɗe. Sai yaran nan su ma su koya, in ya so ni in duba musu kafin a kawo maka."

Ba ta ce masa ya raina mata ba, ba ta shiga zuciyarsa ta karanto niyyarsa ba. Ta faɗi abin da ya faru, ta faɗi abin da yake hana ta, ta kawo mafitar da zai karɓa girmansa bai zube ba. Wani zai ce wannan lallaɓawa ta yi yawa, me ya sa wadda aka ƙwara ce za ta yi ta auna kalmomi? Tambayar tana kan hanya. Amsarta ita ce nauyin bai kamata ya tsaya a kanta ita kaɗai ba, mutum bakwai ne suka ji abin da Darakta ya faɗa suka yi shiru.

Wanda ke gefe yana da arahar da mai abin ba shi da ita. Ba za a ce masa ya cika ƙorafi ba, ba za a ce don ƙabilarsa ko jinsinsa yake magana ba. Kuma ba sai ya yi wa'azi ba. "Yallaɓai, bari Injiniya ta ƙarasa, ina son jin ƙarshen maganarta." "Wannan ai ita ce shawarar da Malam ya kawo ɗazu, gara mu koma gare shi ya faɗaɗa." "Jama'a, mu koma Turanci, akwai wanda ba ya ji." "Kawo minit ɗin, yau ni zan riƙe." Matan da suka yi aiki a fadar shugaban Amurka zamanin Barack Obama sun mayar da irin wannan dabara tsari, kamar yadda jaridar Washington Post ta ruwaito a 2016: duk wadda ta kawo shawara a taro, sai wata ta maimaita ta tana ambatar sunan mai ita, ta yadda ba wanda zai ɗauke ta daga baya ya ce tasa ce.

Wanda aka zo aka ce masa maganarsa ta yi ciwo, abin da ake so daga gare shi kaɗan ne: ya saurara har ƙarshe, ya ba da haƙuri, ya daina. "Ni fa wasa nake" da "ai abokaina da yawa 'yan wajenku ne" ƙara wa wuta fetur suke. Haka ma dogon ban-haƙurin da zai sa wanda aka ɓata wa ya koma shi ke lallashi.

Shugabanni kuwa sun fi son abin da za a yi a yini ɗaya a ɗauki hoto: a kira ƙwararre, a kama zauren otal, a raba jaka da biro da kuɗin mota. Frank Dobbin da Alexandra Kalev sun bi bayanan kamfanonin Amurka sama da 800 na kusan shekara 30, suka ba da rahoto a 2016 cewa horon dole kan zaman tare ba ya ƙara yawan mata da tsiraru a kujerun shugabanci, wani wurin ma raguwa suka yi, saboda mutum ba ya son a tilasta masa sauya ra'ayi. Abin da ke aiki ba shi da armashi. A yi jadawalin riƙe minit. A rubuta sharuɗɗan ƙarin girma kafin a ga sunayen masu nema. Mai jagorantar taro ya lura da wanda bai yi magana ba ya ba shi dama. A daina yanke shawarar ofis a majalisar dare ko wurin cin balangu inda mata da baƙi ba sa zuwa, sannan a zo da safe a ce "an riga an tattauna". Kuma a samar da wanda za a kai wa kuka wanda ba shi ne ke cika wa mutum takardar ƙwazo ba.

Doka tana nan, amma tana da inda ta tsaya. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, asali, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa. Sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraren ƙarar wariya da cin zarafi a wurin aiki. Dokar kare masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. A Nuwamban 2022 kuma Najeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta fassara cin zarafi a wurin aiki da duk halin da aka yi da nufin cutarwa ko wanda ya haifar da cutarwa, har da ta zuciya da ta aljihu, sau ɗaya aka yi ko an maimaita. Wato ba a tsaya kan niyya kaɗai ba.

Duk da haka kotu ta fi iya kama abin da ke da ƙofa da ranar da aka rufe ta. Lokacin da aka hana Firdaus Amasa shiga zauren rantsar da lauyoyi a Abuja a Disamban 2017 saboda hijabinta, akwai abin nunawa, aka yi ta fafatawa har aka rantsar da ita da hijabin a Yulin 2018. Amma lauya ko ma'aikaciyar bankin da kullum ake tambaya "ba kya jin zafi cikin wannan lulluɓin?", ko aka daina tura ta wurin manyan abokan hulɗa ba tare da an faɗi dalili ba, ba ta da rana ɗaya da za ta nuna wa alƙali. Abin da zai tsaya mata shi ne jerin ranaku. Shi ya sa da zarar abu ya fara maimaituwa ake so a fara rubutawa: kwanan wata, wuri, ainihin kalmomin da aka faɗa ba fassararsu ba, su wa ke wurin, da abin da ya biyo baya, kamar aikin da aka karɓe ko kwas ɗin da aka tsallake mutum. In an yi magana da shugaba baki da baki, a bi ta da gajeren saƙo na godiya da ke maimaita abin da aka amince a kai. Da wannan ake zuwa sashen kula da ma'aikata, ko ƙungiyar ƙwadago, ko Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a. A ajiye rubutun a littafi a gida ko a wayar kai, domin ranar da al'amura suka lalace, imel ɗin ofis da kwamfutar ofis ne abin da ake fara rufe wa mutum.